Aiki bai yanke mini ba amma riba ba ta zama, ina kuskuren yake?

Sadiq_Zane

Assalamu alaikum jama'a. Ina aikin kaina ne, zanen tambari da haɗa shafukan intanet. Wasu ayyukan ta Fiverr da Upwork suke zuwa, wato dandalin intanet da suke haɗa masu aiki da masu ba da aiki, wasu kuma kai tsaye daga kwastoma. Aiki kam akwai shi, kusan kullum hannuna a cike yake, amma idan wata ya ƙare abin da ya rage bai kai albashin mai irin wannan aikin a kamfani ba. Yadda na fitar da farashina shi ne na ɗauki albashin wata na raba shi da awannin aiki na wata.

Abin da nake son sani: yaya ake fitar da farashin da zai bar riba? Biyan awa ya fi ko jinga? Kuma me ake yi da kwastoman da gyaransa ba ya ƙarewa, sannan idan aka zo biya ya yi ta jan ƙafa? Don Allah masu sani a taimaka da lissafi, "ka dage" kam na ji ta sosai.

Malam_Akanta

Wa alaikumus salam. Sadiq, matsalarka tana cikin hanyar da ka ce ka bi wajen fitar da farashi. Ma'aikacin kamfani ana biyansa duk awannin da ya zauna a ofis, har da lokacin taro, da ranar da ba shi da lafiya, da ranakun hutu. Kwamfutar da yake aiki da ita, da wuta, da intanet, duk kamfani ne yake ɗauka. Kai kuwa awannin da ka yi a kan aikin kwastoma kaɗai ake biyanka, kuma daga cikinsu za ka fitar da duk waɗancan. Don haka in ka ɗauki kuɗin awar ma'aikaci ka mayar da shi naka, ka faɗi tun kafin ka buɗe kwamfuta.

Bari mu yi lissafin. Lambobin misali ne, ka saka naka da irin kuɗin da ake biyanka da shi.

Fara da awanni. Shekara mako 52 ce, awa 40 a mako ya ba da awa 2,080, kuma wannan ita ce lambar da take yaudarar mutane. Cire mako 6 na hutu da rashin lafiya da uzurin iyali, saura mako 46. A cikin awa 40 na kowane mako, neman aiki, amsa saƙonni, rubuta tayi, tattaunawa da wanda a ƙarshe ba zai ba ka aikin ba, bin bashi, koyon sabuwar manhaja, duk suna cin lokaci kuma babu mai biyansu. Idan ka samu awa 25 ta aikin da ake biya, ka yi ƙoƙari. Mako 46 sau awa 25 ya zama awa 1,150. Da waɗannan ne za ka ciyar da shekara gaba ɗaya.

Sai kuɗi. A ce kana buƙatar 1,000 a wata don rayuwarka, wato 12,000 a shekara. Ƙara 2,000 na ajiya, tunda babu mai tara maka fansho, ya zama 14,000. A ce harajin da zai hau kanka kashi 20 cikin 100 ne. Ba ƙara kashi 20 za ka yi ba, raba 14,000 za ka yi da 0.8, ka samu 17,500. Sannan ka ɗora kuɗin gudanar da aiki: intanet, wuta, lasisin manhajoji, masaukin shafinka (inda ake ajiye shi a intanet), da rabon kuɗin sabuwar kwamfuta. Wannan na ƙarshen kusan kowa yana mantawa da shi. Idan kwamfuta tana yi maka shekara 4, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta yana cikin kashe-kashen kowace shekara, ko ka sayi sabuwa a shekarar ko ba ka saya ba. A ce duka sun kama 3,200. Jimla 20,700.

Raba 20,700 da 1,150, ka samu 18 a awa. Ta hanyar da ka bi kuwa, 12,000 a raba da 2,080 bai cika 6 ba. Ka ga ninki uku ne tsakaninsu. Shi ya sa hannunka yake a cike aljihu kuma babu komai.

Wannan 18 ɗin ba farashin da za ka faɗa wa kwastoma ba ne, ƙasan farashinka ne, wanda in ka sauka ƙasa da shi kai ne kake biya don a bar ka ka yi aiki. Kuma kafin a cire la'adar dandali ne. A nan ma mutane suna tuntuɓe da lissafin kashi: idan dandali yana cire kashi 20, kana son 100 ta shigo hannunka, 125 za ka saka, ba 120 ba, domin kashi 20 na 120 shi ne 24, sai a bar ka da 96. Haka 18 ɗinka za ta koma 22.5. Bayan haka akwai kuɗin cirewa da bambancin canji idan ana biyanka da kuɗin wata ƙasa. Ka duba abin da ya fita daga dandali da abin da ya sauka a asusunka na banki a biya uku na baya, ka fitar da kashin da yake ɓacewa a hanya, shi ma ka saka shi a farashi.

Abu ɗaya da za ka fara yau: rubuta lokacin da kowane aiki ya ci, har da waya da saƙonni da gyara. Manhajoji irin su Toggl da Clockify suna yin wannan, takarda da biro ma sun isa. Bayan wata biyu ka raba kuɗin kowane aiki da awanninsa. Za ka ga wani aikin da kake ganin babba ne, 300 aka biya amma ya ci awa 30, wato 10 a awa, wani ƙarami kuma na 90 ya ci awa 3. Daga nan za ka san irin aikin da ya kamata ka nema da wanda ya kamata ka bari.

Maman_Ilham

Malam Akanta ya gama da farashi, ni zan ɗauki tambayarka ta uku, don farashi mai kyau ma ba ya tsira idan gyara ba shi da iyaka.

Ƙanena, kada ka taɓa aiki sai an rubuta abin da aka yi jinga a kai. Ba sai takardar lauya mai shafi goma ba. Shafi ɗaya ya isa, ko ma saƙon imel da kwastoma ya amsa da "na amince". Abin da ya fi muhimmanci shi ne a ƙirga komai. "Zan haɗa maka shafin intanet" ba jinga ba ce, buɗe ƙofar rigima ce. A rubuta: shafuka 5, fom ɗin tuntuɓa 1, harshe 1, rubutu da hotuna daga kwastoma za su zo. A ƙasa kuma a rubuta abin da ba ya ciki: rubuta bayanai, ɗaukar hoto, kula da shafin bayan an miƙa shi. Wannan layi na abin da ba ya ciki shi ne yake kashe yawancin gardama, domin kwastoma ba mugunta ce take sa shi neman ƙari ba, sau da yawa a zatonsa duk abu ɗaya ne.

Gyara zagaye biyu ne, kuma ka fayyace me ake nufi da zagaye: kwastoma ya tattara duk gyare-gyarensa ya turo a saƙo ɗaya. Idan ba ka faɗi haka ba, za ka samu saƙo da safe a canza launi, da rana a mayar da shi yadda yake, da dare matarsa ko abokin kasuwancinsa ya ce a ƙara girman rubutu. Don haka ma ka nemi a ba ka mutum ɗaya wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Zagaye na uku da abin da ya biyo baya da kuɗinsa, kuma a rubuta kuɗin tun farko. Ka kuma raba gyara da sauya ra'ayi. A matsar da rubutu ko a sauya launi gyara ne. A zubar da zanen da aka riga aka amince da shi a fara wani, sabon aiki ne.

Idan aka nemi ƙari a tsakiyar aiki, kada ka ce a'a, kada kuma ka yi shiru ka yi. Ka ce: "Za a iya. Zai ƙara kuɗi kaza da kwana kaza, in kun amince sai in saka shi." Rabin irin waɗannan buƙatun a nan suke mutuwa, sauran kuma su zama ƙarin ciniki.

Kafin alƙalami ba abin jin kunya ba ne. Ƙaramin aiki na kwana biyu ko uku, a biya duka kafin a fara. Matsakaici, rabi a farko rabi kafin miƙawa. Babban aiki a raba shi uku, misali kashi 40 a farko, 30 idan an amince da zane, 30 kafin a miƙa. Dabarar ita ce a kowane lokaci kuɗin da ke hannunka ya rufe aikin da ka riga ka yi. Kuma kafin alƙalami yana nuna maka hali: wanda ya yi ta kwana-kwana a kan kashi na farko, lokacin da yake ɗokin aikin, kada ka sa ran zai biya ciko cikin sauƙi bayan ya samu abin da yake so.

Miƙawa ta ƙarshe bayan ciko ya shigo ne, ba bayan an turo hoton rasit ba. Ka buɗe asusunka ka gani da idonka. Kafin nan, tambari a nuna shi da ƙaramin hoto mai alamar ruwa a kai, wato sunanka a dishi-dishi, shafin intanet kuma ya zauna a masaukin gwaji naka. A rubuta cewa mallakar aikin tana komawa ga kwastoma ne bayan an kammala biya. Sai dai sunan shafin, wato adireshinsa na intanet, a yi masa rajista da sunan kwastoma tun farko. Riƙe shi a matsayin garkuwa yana jawo shari'a da ɓacin suna. Haka nan salon rubutu da hotunan da aka saya, a bayyana wa zai biya lasisinsu.

Sharuɗɗa biyu da ake yawan mantawa. Na farko, idan kwastoma ya soke aiki a tsakiya, kafin alƙalami ba ya komawa, kuma zai biya duk matakin da aka riga aka gama. Na biyu, idan ya yi shiru kwana 10 na aiki bai turo rubutu ko amsa ba, aikin ya tsaya, in ya dawo zai shiga layi. In babu wannan, zai ɓace wata biyu ya dawo ranar da kake tsakiyar wani aikin ya ce gobe yake so.

Takardar neman biya ta fita a ranar da aka gama mataki, ba ƙarshen wata ba. A saka mata lamba, bayanin aiki, adadi, irin kuɗin, wanda zai ɗauki kuɗin turawa, da ainihin ranar da wa'adi zai cika. Rana takamaimai ta fi "cikin mako biyu" aiki. Idan kamfani ne babba, ka tambaya tun farko wa yake sa hannu a biya da kuma ko suna buƙatar lambar odar saye a jikin takardar, don rashinta kaɗai yana iya sa takarda ta kwana a tebur har wata guda ba tare da kowa ya gaya maka ba. Tunatarwa kuwa: kwana 3 kafin wa'adi, ranar wa'adin, sai bayan mako guda. Idan an kai mako biyu, ka dakatar da duk wani aiki nasa, ka sanar da shi cikin ladabi a rubuce.

Sadiq_Zane

Na gode Malam, na gode Anti, Allah ya ƙara sani. Amma gaskiya in na ninka farashina sau uku gobe, ina ganin kowa zai gudu. Kuma a dandali akwai masu yin irin aikina a kan kuɗin da bai kai nawa na yanzu ba ma. Sannan ba a yarda ka karɓi kafin alƙalami a waje ba.

Abu_Safwan

Ɗan'uwa, ba wanda ya ce ka ninka gobe. Fara da sababbin kwastomomi, tunda ba su san tsohon farashinka ba. Ƙara kashi 20 zuwa 25 a tayin da za ka tura na gaba. Idan kusan duk wanda ka faɗa wa farashi yana sallamawa ba tare da ya nemi ragi ba, alama ce har yanzu kana ƙasa, sai ka sake ƙarawa. Tsofaffin kuma ka ba su sanarwar wata guda ko biyu kafin sabon farashi ya fara aiki.

Tsoron gudu kuma a lissafa shi. Kwastoma 10 kowa yana biyan 100, ka samu 1,000. Ka mayar da shi 125, biyu suka tafi, takwas sau 125 dai 1,000 ce, kuma kashi ɗaya cikin biyar na lokacinka ya dawo hannunka. Yawanci waɗanda suke tafiya su ne masu yawan gyara da jinkirin biya.

Game da masu karya farashi: ba za ka taɓa cin gasar araha a dandalin da duk duniya take ciki ba, kullum akwai wanda zai sauka ƙasa da kai. Mafita ita ce ka ƙuntata abin da kake sayarwa. "Ina zane da shafuka" dubban mutane suna faɗin haka. "Ina haɗa shafukan karɓar alƙawari ga asibitocin haƙori" mutane kaɗan ne, kuma aikin na biyar zai ɗauke ka rabin lokacin na farko tunda ka san tambayoyin da za a yi da matsalolin da za su taso. A nan riba take ɓuya.

Dandali kuwa yana da nasa kafin alƙalamin, sai dai ka san yadda yake aiki. A Upwork, aikin jinga ana raba shi matakai, kwastoma ya zuba kuɗin mataki a ajiyar dandali. Kada ka fara sai ka ga an nuna an zuba kuɗin wannan matakin, domin matakin da aka rubuta ba a zuba masa kuɗi ba ba shi da kariya. Idan ka gama, ka miƙa ta maɓallin miƙa aiki, ba ta akwatin hira kawai ba, don shi ne yake tayar da agogon kwana 14 da in kwastoma bai ce komai ba za a sakar maka kuɗin. Bayan an saki ma akwai kwana 5 kafin ka iya cirewa. A aikin awa kuwa kariyar tana kan awannin da manhajarsu ta kwamfuta ta ɗauka, wadda take ɗaukar hoton allo sau ɗaya a kowane minti 10. Awannin da ka shigar da hannu ba sa cikin kariyar. La'adarsu kuma tun 2025 ba ɗaya ba ce, tana tashi daga sifili zuwa kashi 15 gwargwadon aikin, don haka ka duba ta kafin ka tura tayi.

A Fiverr kashi 20 ne, har a kan tukuicin da kwastoma ya ƙara. Oda tana kammala kanta bayan kwana 3 da miƙawa in mai saye bai motsa ba, sannan kuɗin ya jira kwana 14 kafin ya zama naka na cirewa. Ka ga aikin da ka gama yau, kuɗinsa sai bayan mako biyu ko fiye. Kuma kada ka saka gyara marar iyaka a tallanka don jawo mutane, da hannunka ka rushe duk abin da Maman Ilham ta gina.

Kada ka janye kwastoman dandali zuwa waje a ɓoye. Ƙa'idar Upwork ta ce wanda kuka haɗu a can, a can za a riƙa biya har shekara 2, sai in an biya kuɗin fita. Rufe asusu da duk shaidar ayyukan da ka tara ya fi la'adar tsada. Dandali wurin tara suna ne, kwastoman kai tsaye kuma ta wata hanyar ake nemansa: shafinka, LinkedIn, da wanda tsohon kwastoma ya turo.

Sai 'yan damfara, salonsu bai cika sauyawa ba. Wanda ya ce ku koma Telegram tun kafin a ƙulla aiki. Wanda ya "yi kuskure" ya turo fiye da kuɗin aiki ya ce ka mayar masa da ragowar, daga baya biyan nasa ya zama na bogi, naka kuma ya riga ya tafi. Wanda ya ce ka biya kuɗin rajista kafin a ba ka aiki. Da wanda gwajin kyautarsa shi ne aikin gaba ɗaya. Gwaji in ya wuce awa ɗaya a biya shi. Idan ta PayPal ake biyanka kai tsaye, ka sani mai saye yana da kwana 180 da zai iya buɗe ƙorafi, don haka ka adana yarjejeniya da saƙon da ya ce ya karɓi aiki ya gamsu. Idan kuma kamfanin Amurka kake wa aiki alhali kai ba ɗan can ba ne, za su nemi ka cike fom ɗin W-8BEN, wannan ba damfara ba ce, shaida ce ta cewa kai ba mai biyan harajin Amurka ba ne.

Baban_Nana

Ba a amsa masa batun awa ko jinga ba. Ni a ganina jinga ta fi ga duk aikin da ka san iyakarsa. Biyan awa yana hukunta gwani: da ka ƙware ka rage lokaci, sai kuɗinka ya ragu. A jinga kuwa saurinka ribarka ce. Awa ta dace da aikin da ba a san zurfinsa ba, kamar gyaran shafin da wani ya haɗa ya gudu ya bari. Irin wannan kada ka yanka masa farashi da ka. Ka sayar da bincike na awa 2 ko 3 tukuna, bayan ka ga cikinsa sai ka yi jinga.

Yadda ake fitar da jinga: rarraba aikin gunduwa-gunduwa, ka ƙiyasta awannin kowace gunduwa, har da tattaunawa da zagayen gyara biyun. A ce sun kama awa 10. Ƙara kashi 30 na abin da ba a gani ba, 13 ke nan. Sau 18 ɗin Malam Akanta, 234. In ta Fiverr ne a raba da 0.8, ya kusa 293, sai ka ce 300. Kwastoma jimla kawai zai gani, awanninka sirrinka ne. Kuma ka ba shi zaɓi uku, ƙarami, matsakaici, babba. Da farashi ɗaya, tunaninsa shi ne in saya ko in bari. Da uku, tunaninsa ya koma wanne zan ɗauka.

Inda na ɗan saɓa da Malam Akanta shi ne awa 25. Ga wanda ya kafu daidai ne, amma sabon shiga wanda yake tura tayi goma kafin ya samu ɗaya, 15 zuwa 20 ta fi kusa da gaskiya. Kuma kasuwa ba ruwanta da buƙatunka. Idan lissafi ya ce 18 amma irin aikinka ba a biyan fiye da 8 a ko'ina, ba ƙarin awanni ne magani ba, aikin ne ko kwastoman ya kamata a sauya.

Ga masu kwangilar da take haɗa da sayen kaya, kamar masu saka wuta ko kafinta, ƙari biyu. Kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, kuma kada ka sayi kaya da kuɗinka. Sannan kowane tayi a rubuta masa wa'adi, kwana 14 misali, domin kwastoma yana iya dawowa da takardar bayan wata uku farashin kaya ya riga ya tashi, ya ce ai kai ka rubuta.

Sadiq, ka lura da wani abu kuma. Kada kwastoma ɗaya ya wuce kashi 30 zuwa 40 na abin da kake samu. Wanda ya riƙe kashi 70 ya zama maigidanka, shi zai yanka farashi, kuma ranar da ya tsaya ka tsaya. In har shi yake tsara maka lokacin shiga da fita ya kuma hana ka yi wa wani aiki, to ma'aikacinsa ne kai ba tare da haƙƙin ma'aikaci ba. Maganin wannan shi ne awa 3 zuwa 4 kowane mako na neman aiki, musamman lokacin da hannunka yake cike, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi sauƙin nema shi ne wanda ka riga ka yi wa aiki: ranar miƙawa ka nemi shaidarsa a rubuce, ka kuma tallata masa kula da shafin duk wata, awa 4 misali, ana biya a farkon wata, awannin da ba a yi amfani da su ba kuma ba sa tsallakawa zuwa wata mai zuwa. Irin wannan guda biyar sun isa su ɗauke maka kuɗin gudanar da aiki.

Malam_Akanta

Na yarda da Baban Nana a kan sabon shiga. Da awa 18 a mako, awannin shekara sun koma 828, ƙasan farashin kuma ya tashi zuwa 25. Wato wanda bai kafu ba ya fi kowa buƙatar ya daina karya farashi.

Saura yadda za ka riƙe kuɗin idan sun shigo, don wani yana samu amma bai sani ba, wani yana faɗuwa shi ma bai sani ba, tunda kuɗin aiki da na cefane a asusu ɗaya suke. Buɗe asusun aiki daban, duk biya ya sauka a can. Ranar da kuɗi ya shigo, cire kason haraji ka kai shi wani asusun da ba ka riƙe da katinsa. Ƙa'idar haraji ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a wasu wuraren ma mai aikin kansa yana biya kashi-kashi a cikin shekara, a wasu kuma kamfanin da ya ba ka aiki yana cire wani kaso tun daga tushe. In an cire maka, ka karɓi takardar shaidar cirewar, da ita za a rage maka a ƙarshen shekara. Zama ɗaya da akanta na ƙasarku zai warware maka wannan, kuma ka adana rasit ɗin duk abin da ka saya don aiki.

Daga asusun aiki ka riƙa biyan kanka albashi tsayayye a rana ɗaya kowane wata, 1,000 ɗin nan, ko watan ya kawo 3,000 ko ya kawo 400. Rarar watan da ya yi kyau ita take cike watan da ya yi sanyi. Ka tara har asusun ya riƙe albashi da kuɗin aiki na wata 3, daga baya ka kai shi 6. Kafin alƙalamin aikin da ba ka gama ba kuma kada ka ƙirga shi cikin wannan ajiyar, har yanzu ba naka ba ne, idan kai ne ka kasa kammalawa mayar da shi za ka yi.

Ƙarshen kowane wata ka fitar da lambobi uku: awannin da aka biya, kuɗin da ya sauka a banki a raba da duk awannin da ka yi, da jimlar bashin da kake bi tare da kwanakin da kowanne ya yi. Turo mana na watan da ya wuce, ko da ƙiyasi ne, mu duba wane aiki ne yake cinye maka lokaci.